Kugen Yaƙi A Cikin Jinin Saniya

Kowace shekara, da zarar an kau da amfanin gona, shanu sun sauko bisa karan dawa, malaman dabbobi kuma sun fara zagaye da allurar rigakafi, sai a ji kuka iri biyu daga bakin masu shanu. Wani ya ce an yi wa bajiminsa allura, wurin ya kumbura, jikinsa ya yi zafi, ya ƙi kiwo har kwana biyu, saboda haka ba mai sake taɓa masa dabba. Wani kuwa ya ce shi ciwo ne ya shiga garkensa, ya yi maza ya kirawo malami aka yi allura, amma duk da haka shanu uku suka faɗi cikin mako guda, ashe allurar ruwa ce kawai. Abin da mutanen nan biyu suka gani da idonsu gaskiya ne. Fassarar da suka yi masa ita ce ba daidai ba, kuskuren nan kuwa yana cin dukiya mai yawa a ƙasar nan.

Ruwan da ke cikin kwalbar rigakafi ba ya kashe cuta da kansa, aikinsa kai labari ne kurum. Waɗanda ake kai wa labarin su ne fararen ƙwayoyin jini. Su ke yin yaƙin, kuma kafin su yi sai sun sanar da juna, sun yi gangami, sun ƙera makamai. Mai shanun da ya san yadda labarin nan ke tafiya cikin jikin dabbarsa ba zai ɓoye ta a daji ran allura ba, ba kuwa zai jira sai ciwo ya shigo sa'an nan ya tafi neman malami.

In aka ɗiga jinin saniya bisa gilashi aka duba da madubin likita, sai a ga ashe ba jan ruwa ne zalla ba, cike yake da ƙwayoyi. Cikin ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba, watau milimita 1 ta kowace fuska, akwai jajayen ƙwayoyi miliyan 5 zuwa 10, su ke ɗaukar iska daga huhu zuwa sauran jiki. Farare kuwa ba su wuce 4,000 zuwa 12,000 ba cikin ɗigon nan. Duk a cikin ɓargo ake haifarsu, amma aikinsu dabam dabam ne. Akwai manya masu haɗiya, waɗanda likitoci ke kira makarofaj, suna zaune cikin huhu da hanji da hantsa da ƙarƙashin fata kamar masu tsaron ƙofar gari. Akwai nutirofil, su ne dakarun da ke fara isa wurin faɗa, su haɗiye abokan gaba su mutu tare da su. Mugunyar da ake matsewa daga miki, mafi yawanta gawarsu ce. Akwai kuma limfosait, su ne maƙera da masu riƙe tarihi. Wani masani ɗan ƙasar Rasha, Ilya Mecnikof, shi ya fara lura da masu haɗiyar nan a 1882, a garin Mesina na Italiya, da ya soka ƙaya cikin jikin wata 'yar halittar teku, washegari ya tarar ƙwayoyi sun taru sun kewaye ƙayar.

To, abin tambaya shi ne, wa ya gaya musu inda ƙayar take? Ba su da baki, ba su da kunne. Amsar wannan tambaya ta cinye wa masana fiye da shekara 100. Abin da aka gano shi ne, kowane mai tsaron ƙofa yana da waɗansu 'yan na'urori na ganewa a jikinsa, kamar yadda kare ke da hanci. Na dangin da ake kira Tol, saniya tana da iri 10. Wani yana gane ɓawon bakteriya, wani yana gane 'yar wutsiyar da bakteriya ke iyo da ita, wani kuma yana gane abin da ke cikin cikin bairos. A 1998 aka tabbatar da aikin ɗaya daga cikinsu, waɗanda suka yi binciken kuwa aka ba su kyautar Nobel a 2011. Da zarar na'urar nan ta taɓa baƙo, sai labari ya bi hannu hannu cikin ƙwayar har ya kai cibiyarta, ita kuwa ta fara zubo waɗansu ƙananan sinadarai da ake kira saitokin. Wannan shi ne buga kugen yaƙi.

Kowane saitokin da irin kiɗansa. Wanda ake kira intalukin 8 kiran dakaru yake yi. In ya fita, jijiyoyin jinin da ke kusa sai su buɗe, bangonsu na ciki ya yi danƙo, nutirofil da ke wucewa a guje su rage gudu, su manne, su kurɗa ta tsakanin bangon su fita zuwa wurin faɗa, duk cikin 'yan awoyi. Ruwan jini ya bi su. Ga kumburi ke nan, ga zafi, ga ciwo in an taɓa. Intalukin 1 da intalukin 6 da wani ɗan'uwansu su kuwa har ƙwaƙwalwa suke zuwa, su ce a ƙara wuta. Zafin jikin saniya mai lafiya wajen digiri 38 zuwa 39 ne, amma in saƙon nan ya isa sai ya hau 40 ko 41, ta daina tuƙa, ta raɓe gefe ɗaya. Akwai kuma intaferon, wanda Alik Aizak da Jan Lindenman suka gano a London a 1957. Ƙwayar da bairos ya shiga ita ke sakinsa, don ta gargaɗi maƙwabtanta su rufe ƙofa tun kafin ya iso gare su.

Saboda haka ɗan kumburin da mai bajimin nan ya gani, da zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu, alama ce an ji kugen. Ba kowace allura ke kumbura ba, rashin kumburi kuwa ba ya nuna ba ta kama ba. Amma wanda ya ga ɗan kumburi ya ce an cuci dabbarsa, kamar mutumin da ya ji ana buga kuge ne ya tafi ya kama mai bugawa, ya bar mahara suna hawan ganuwa.

Wannan duk faɗan farko ne, na gaggawa, kuma sau da yawa ba ya isa. Faɗa na biyu shi ne wanda allurar rigakafi ke nema, shi ne kuwa mai cin lokaci. Akwai waɗansu ƙwayoyi 'yan aike, aikinsu su gutsuri ɗan yanki na jikin cutar su ɗauka su kai kaluluwa mafi kusa. Kowane makiyayi ya san ta gaban kafaɗa, wadda ake lalubawa in ana zaton sammore. A cikin kaluluwar nan limfosait miliyoyi ke wucewa, kowane ɗaya abokin gaba guda tak ya iya ganewa. Ɗan aike ya yi ta nuna guntun da ya kawo har a sami wanda ya dace da shi, kamar mabuɗi da kwaɗo. In an same shi, sai wani saitokin, intalukin 2, ya umarce shi ya yi ta rabuwa, ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu, har su zama runduna. Shi ya sa kaluluwa ke kumbura. Waɗansu daga rundunar nan su kama ƙera makaman da ake kira antibodi, waɗanda aka yi daidai da cutar nan ita kaɗai. Waɗansu su fita farautar ƙwayoyin da cuta ta ɓuya cikinsu. Waɗansu kuma su zauna su riƙe kamannin abokin gaba, wani lokaci shekara guda, wani lokaci har iyakar ran dabba, domin in ya komo ba sai an sake neman mabuɗi ba.

Aikin nan daga farko zuwa ƙarshe yakan ci mako 2 zuwa 3. Ba kuɗin da za a biya a gajarta shi. Ciwon saifa kuwa yana kashe saniya cikin kwana 1 ko 2, harbin dawa ma haka nan. Ciwon huhu yakan yi makonni yana ɓoye cikin dabba kafin ta fara tari. To, mutumin da ya jira sai da ya ga gawa a garke sa'an nan ya nemi allura, shanunsa ukun nan da suka faɗi cikin mako sun riga sun kamu tun kafin malami ya sauka daga babur. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allurar da aka yi ran nan ta yi amfani, amma ga waɗanda ciwon bai riga ya kai gare su ba.

Abin mamaki, kakannin makiyayan yanzu sun san wannan a aikace tun ba a ƙera madubin da zai nuna shi ba. A ƙasashen Afirka ta Yamma, Fulani da maƙwabtansu sukan yanki ɗan guntun huhun saniyar da ciwon huhu ya kashe, su tsaga fatar karan hancin mai lafiya su cusa shi. Wurin ya kumbura, dabba ta sha wuya, in ta warke ciwon ba ya kama ta da sauƙi. Wani lokaci tabon yakan tsiro kamar ɗan ƙaho, har wani Bafaranshe da ya ga irin shanun nan a Senegal wajen 1880 ya zaci wani sabon iri ne mai ƙaho uku. A Turai sai a 1852 wani likita ɗan Beljiyam, Luwi Wilems, ya bayyana irin wannan dabara, shi a wutsiya yake yi. Ba cewa ake a koma ga tsagar hanci ba, don tana kashe waɗansu, tana kuma iya yaɗa wata cutar. Amma jikan wanda ya jure wa wancan kumburi bai kamata ya gudu daga allurar malami ba.

Tarihin bushiya ya isa shaida. Ta shigo Afirka ta gaɓar Eritiriya a 1887, cikin 'yan shekaru ta kai Tafkin Cadi ta wuce yamma, ta share garake har waɗansu wurare ba a bar ko ɗaya cikin goma ba. Mugun halinta shi ne, fararen ƙwayoyin jini take fara kamawa. Takan shiga limfosait ta kashe su, ta kuma toshe saƙon intaferon, watau ta kashe mai kuge da maƙera tun gari bai farka ba. Amma in aka riga ta kai labari, ba ta da ta cewa. Allurar da Walta Filorait ya haɗa a Muguga ta ƙasar Kenya, sau ɗaya aka yi wa babbar saniya ta ishe ta har mutuwa. A Kano aka yi taron shirya babban yaƙi da ita a 1961, aka fara a 1962 a ƙasashen da ke kewaye da Tafkin Cadi, watau Nijeriya da Nijar da Kamaru da Cadi, ana huda kunnen kowace dabba da aka yi wa. Da aka ga ciwon ya kwanta sai aka saki jiki, aka bar maruƙan da aka haifa daga baya ba allura. A 1983 ta komo Nijeriya ta yi ɓarnar da tsofaffin makiyaya ba su manta ba har yau. Sai da aka sake ɗaura ɗamara, sa'an nan a 2011 aka yi shelar ta ƙare a duniya duka. Ƙanwarta mai kashe awaki da tumaki tana nan, ana fatan gamawa da ita a 2030, kuma irin da ake yin allurarta da shi a ƙasashe da yawa daga Nijeriya aka samo shi a 1975.

Maganar maruƙa tana bukatar a ɗan tsaya. Mace ta ɗan Adam tana ba ɗanta makaman nan tun yana ciki, amma mahaifar saniya ba ta barinsu su wuce. Maraƙi yakan faɗo duniya kusan hannu wofi. Abin da zai kare shi duk yana cikin dakashi, wanda ke ɗauke da antibodi masu yawan gaske, har da fararen ƙwayoyin uwar da saitokin nata. Hanjin maraƙi kuwa a buɗe yake ya karɓe su na ɗan lokaci kaɗan. Awa 6 na farko su ne masu albarka, in aka yi awa 24 ƙofar ta rufe, ko ya sha daga baya abinci ne kawai. Ana so ya sha kamar kashi 1 cikin 10 na nauyinsa a yinin farko. Gidan da ake tatse dakashi a dafa wa yara, ko a zubar don an ce yana sa zawo, kada a yi mamaki in maraƙi ya mutu da zawon ko ciwon cibiya kafin ya yi wata. Har wa yau, makaman uwar nan da ke jikin ɗan maraƙi sukan kame allurar rigakafi su kashe ta kafin ta kai labari. Shi ya sa malami kan ce a bar ƙanana sai sun yi 'yan watanni, ba ƙyuya yake yi ba.

Ko an yi allura a kan kari, akwai abubuwan da ke hana a ji kugen. Na farko yunwa. Rundunar limfosait da antibodi daga abinci ake gina su, saniyar da ta kai watan Afrilu haƙarƙarinta a waje ba ta da abin ginawa. Nutirofil ma suna bukatar ɗan tagulla da zinki da sileniyam kafin su iya kashe abin da suka haɗiya, kanwa da gishiri kaɗai kuwa ba su ƙunshi duk waɗannan yadda ya isa ba. Manomin da ke son shanun huɗarsa su amsa allura, harawa da dusa da angurya da 'ya'yan gawon da ya tanada suna cikin rigakafin. Dalili ke nan da ya sa allurar farkon rani, lokacin da shanu ke da tsoka, ta fi ta bazara.

Na biyu, cutar da ta riga ta zauna. Tsutsar hanta da shanu ke ɗauka a fadama tana da wayo, takan karkatar da saƙon jini zuwa wata hanya, ta rage wani irin intaferon da ake bukata don yaƙi da tarin fuka. A Ingila an nuna a 2012 cewa saniya mai tsutsar hanta tana iya ɓoye tarin fuka a gwajin fata, gwajin da shi kansa kumburin da fararen ƙwayoyi suka yi ake aunawa bayan awa 72. Sammore ya fi wannan. Ƙwayarsa takan sauya riga, kafin a gama ƙera makamin rigar farko ta sa wata, jiki ya yi ta buga kuge har ya gaji, manyan masu haɗiya kuma su ruɗe su kama cinye jajayen ƙwayoyin dabbar kanta. Ga inda rashin jinin ke fitowa. Saniya mai sammore ba ta amsa allurar rigakafi kamar mai lafiya, saboda haka a fara yi mata maganinsa. Shanun Muturu da Ndama da ke zaune cikin ƙudan tsando a kudu su ma suna kamuwa, sai dai jininsu ya fi na Bunaji da Rahaji iya auna faɗan. A 2011 masu bincike na Libaful da na Nairobi, da suka gwada Ndama da shanun Boran na Gabashin Afirka, sun nuna ɗaya daga cikin wuraren da ake kyautata zaton bambancin yake, a kan hanyar saƙon Tol ɗin nan ne.

Na uku ya shafi fatake. Dabbar da ta firgita, ko ta gaji, ko ta yi ƙishi, jikinta yana zubo wani sinadari, kotizol, wanda ke kankare danƙon da nutirofil ke mannewa da shi a bangon jijiya. Sai su yi ta zagaye cikin jini, suna jin kira amma ba su iya sauka. Shanun da aka cunkusa a tirela daga Maigatari ko Potiskum ko Mubi, aka yi kwana da kwanaki da su zuwa Ikko ba ruwa ba ciyawa, bakteriyar da ke zaune lafiya cikin hancinsu sai ta gangara huhu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka kuma saniya ke zama cikin makonnin haihuwa, shi ya sa ciwon hantsa da na mahaifa suka fi kama ta a lokacin. Mai sayen sa a kara don huɗa ko kiwon turka, ya kamata ya keɓe shi ya huta, ya ci ya sha, kafin a yi masa allura ko a gama shi da na gida.

Yawan dakaru ba shi ne ba in saƙo bai kai ba, akwai misalin da ya nuna haka sarai. A cikin shanun madara na Holstin, masu baƙi da fari, an sami wani ciwon gado da aka gano tushensa a 1992, aka bi sawunsa har zuwa wani bajimi guda da aka haifa a Amurka a 1952, wanda aka baza irin jikokinsa a duniya. Maraƙin da ya gaji ciwon daga uwa da uba, jininsa cike yake maƙil da fararen ƙwayoyi, ninkin na mai lafiya, amma ba su da abin mannewa. Bakinsa ya yi gyambo, huhu ya ruɓe, ya mutu yawanci bai shekara ba. Yanzu akwai gwajinsa. Masu gidajen gona da ke sayen maniyyin shanun waje don ƙarin madara su riƙa tambayar takardar gwajin nan.

Amma babbar ɓarna ita ce wadda mai shanu ke saye da kuɗinsa. Ba kasuwar kara da za a shiga yau a rasa mai tebur yana sayar da allurar deksametazon, wadda ake ce wa deksa. Ita 'yar'uwar kotizol ce, ta kuwa fi shi ƙarfi nesa. In aka yi wa saniya mai zazzaɓi, kafin gari ya waye jikinta ya yi sanyi, ta tashi ta kama kiwo, mai ita ya ce ya sami magani. Alhali kuwa ba ta taɓa cutar ba ko kaɗan, mai kuge ta ɗaure. Cutar na nan na hayayyafa ba mai tsawata mata. In saniyar na da tsohon ciki kuma, allurar tana iya sa ta zubar. Dillalin da ke yi wa dabba marar lafiya wannan allura daren kasuwa don ta yi kyan gani, ya san abin da yake yi, sunan abin ha'inci.

Ba a ce deksa ba ta da rana ba. Wani lokaci kugen kan yi yawa har ya zama shi ne ajali. Huhun da mahauta ke gani ya yi tauri ya manne da haƙarƙari, da ruwa rawaya cike da ƙirji, yawancin ɓarnar faɗan jikin ne da kansa. In haka ta faru likita yakan sassauta faɗan da gangan, yana kuma ba da abin da zai kashe cutar. Amma sanin lokacin da za a ce wa dakaru su dakata aikin wanda ya karanta ne, ya kuma sa ma'aunin zafi ya gani.

Haka nan allurar nan mai ruwan ɗorawa ta tetirasaikilin, wadda ta zama kamar goro a ruga. Rigakafin ciwon huhu da na ciwon saifa masu rai ne, ƙwayar cutar ce aka raunana don ta ɗan zauna cikin jiki ta kai labari. Wanda ya bi malami a baya da tetirasaikilin, wai don kada wurin ya kumbura, ya kashe ɗan aike a hanya. Ya biya kuɗin allura biyu, ya tashi ba ko ɗaya. Ga mai ciwon huhu kuwa, fenisilin ba ya yi masa kome, don ƙwayarsa ba ta da ɓawon da fenisilin ke fasawa. Magungunan da ke taɓa ta ma sukan kwantar da tarin ne dabba ta yi ƙiba, ƙwayar kuwa tana iya saura cikin wani ƙulli a huhu. Irin wannan saniya ce ake kai wa kasuwa da kyan gani, ta shiga sabon garke.

Masu shanu ma suna da tasu gaskiyar, ba daidai ba ne a ɗora musu laifin duka. Rigakafin ciwon huhu da ake da shi ba kamar na bushiya ba ne. Kariyarsa ba ta wuce shekara, sai an maimaita, kuma a waɗansu shanu kaɗan wurin yakan yi mugun kumburi bayan mako 2 ko 3, ya yi ta yaɗuwa, in ba a yi magani ba har ya kashe. Wannan kam a gaggauta kiran malami, shi ne lokacin da tetirasaikilin ke da wuri. Malamin da ya yi allura ya tafi bai faɗi haka ba, bai bar hanyar da za a same shi ba, shi ya koya wa makiyayi gudu. Sa'an nan abu mai rai zafi na kashe shi. Kwalbar da ta fito daga Vom, inda ake wannan aiki tun 1924, in ta kwana cikin firjin da ba wuta, ko ta yini a aljihu cikin rana, ko aka dama ta da safe ana ta tsira wa shanu har la'asar alhali ƙa'ida a ƙarar da ita kafin awa 2, to wannan kam ruwa ce kawai, kamar yadda mutumin nan ya faɗa. Haka in aka raba allurar shanu 100 ga shanu 200. Ba a ci bushiya a wurare masu nisa ba sai da aka sami allurar da ke jure wata guda ba firji, wajen 1990, aka kuma koya wa 'ya'yan makiyaya su yi da kansu.

A watan Yuli na 2023 ciwon saifa ya ɓulla a wata gona kusa da Suleja, aka yi ta gudun neman allura bayan dabbobi sun faɗi. A watan Yuli na 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman don kiwon dabbobi. In ana so a auna aikinta da na ma'aikatun jihohi, kada a tsaya ga yawan kwalaben da aka ce an raba ran bikin buɗewa. A tambaya ko ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma yana da firji mai aiki da hasken rana, ko malami yana da akwatin ƙanƙara da man babur, ko ana sanar da hakimai da arɗoɗi ranar allura tun da wata guda, ko zagayen yana zuwa a Nuwamba da Disamba lokacin da shanu ke da ƙarfi. A kuma tambaya ko akan koma bayan mako 3 a ɗebi jinin waɗansu daga cikin shanun da aka yi wa, a kai ɗakin gwaji, a ga nawa ne cikin ɗari jininsu ya amsa.